Ɗan shamuwar da ya faɗo daga tsamiyarmu

Ina shigowa gida da hantsi na tarar da Inna gindin tsamiya, ta tallabo ɗan shamuwa a zanenta, kansa duk sara.

Muna yara, shamuwa cika Gummi take yi da damina. Bana sheƙa ɗaya na gani, ta gidanmu. Duk sanda uwar ta kawo fara daga fadama, babban ɗan ke tare gaba, ya sassari ƙaramin. Yau ya turo shi ƙasa.

Na ce, "Inna, ko na mayar da shi, sake turo shi zai yi."

Ta ce, "Ɗaura mishi tsohon kwando ga reshen kusa. Su ba a koya musu babba ya tsame hannu ga akushi ya bar ma ƙarami ba."

Na hau na ɗaura. Kafin la'asar uwar ta sauka bakin kwandon.

Ni ne autan gidanmu. Sai yau na gane ba ƙoshi Yaya Sani yake yi ba in ya tashi ya bar mini tuwo.

A gidanku har yanzu babba na tsame hannu?