Penaia Mai Fenti da Gemun Sarki Sulemanu

Surukina Penaia ya yi wa bas ɗari da goma sha bakwai fenti a tsibirinmu na Savai'i. Ni na ƙirga, don shi jikokinsa ma sai ya tambaye ni nawa ne. Tun yana saurayi yake zane a jikin motocin katako masu zuwa tashar jirgin ruwa ta Salelologa: kifi mai haƙora, 'yan ƙwallon rugbi, Musa da sandarsa. Kuma duk namijin da ya zana, hancin Penaia ne a fuskarsa, faffaɗa kamar an zauna a kai. In Musa ya wuce a guje da kwandunan gwaza a bisa rufi, sai mutane su ɗaga hannu su ce, "Ga Penaia can!"

Amma bas ba ta riƙe zane. Iskar teku ta ci fentin, ko a sayar da motar sabon mai ita ya shafe. Bara huɗu kacal suka rage a kan hanya, ga hannunsa ya fara rawa. Shi ya sa da cocinmu ta gina sabon zauren makarantar Lahadi, ya je ya roƙi bango guda. Ya ce, "Bango ba ya zuwa ko'ina. In na mutu yana nan."

Aka ba shi. Ya zana Sarki Sulemanu yana shari'ar matan nan biyu masu jayayya a kan jariri, farin gemu har ƙirji.

Saura mako guda a buɗe zauren, dattijon coci Esekia ya leƙo. Shi da Penaia sa'o'i ne, tun suna yara suke musu.

"Kai, abokina, wannan tsohon fa wane ne?" in ji Esekia.

"Sulemanu mana. Ba ka ga kambi ba?"

"Hanci na gani. Sulemanu da bakinsa ya gaya wa Allah shi ƙaramin yaro ne, sannan ya yi wannan shari'ar. Kai kuma ka zana kanka ranar da ciwon baya ya tashe ka."

"Yaro ne zai raba mata biyu faɗa? Kai da furfurarka ka taɓa iyawa?"

Esekia ya ce ba za a koya wa yara ƙarya daga bangon coci ba. Kafin yamma ya kawo bokitin farar ƙasa ya ajiye a gindin zanen.

Ranar Lahadi bayan abincin rana aka zauna a kan maganar. Dattawa suka jeru a tabarmi, kowa ya jingina da ginshiƙin zauren da aka san shi da shi, Fasto da matarsa a can gaba. Ni matar da aure ya kawo garin ce, ba ni da baki a wurin, aikina zuba koko. Kofi ashirin da uku. Ina zubawa ina jin lambobi suna tashi sama. Wannan ya ce Sulemanu shekararsa sha biyu. Wancan ya ce sha huɗu, haka kakarsa ta gaya masa. Penaia ya ce sittin, hankali ba ya zuwa kafin nan. Kowa yana jefa lamba, ba mai haɗawa, ba mai ɗebewa! Jikina har ƙaiƙayi yake.

Na koma rumfar girki wai ƙara ruwan zafi, na buɗe Littafi Mai Tsarki a kan kwandon kwakwa. Ba inda aka faɗi shekarun Sulemanu, wannan gaskiya ne. Amma an faɗi ya yi mulki shekara arba'in. Na juya gaba kaɗan, sai ga ɗansa Rehobowam, wanda ya gaje shi yana da shekara arba'in da ɗaya. Na kusa kifar da butar.

Na dawo a durƙushe, ina sunkuyar da kai gaban kowane dattijo, har na isa wurin matar Fasto. Na raɗa mata, "Arba'in da ɗaya a cire arba'in. Ranar da Sulemanu ya hau gadon sarauta yana da ɗa mai rarrafe."

Ta zaro ido. "Ke, 'yar nan, sake faɗi!" Na sake. Ta miƙa wuya ta raɗa wa mijinta. Fasto ya buɗe nasa littafin, ya bi layi da yatsa, sai dariya ta kama shi har tabarau ya zamo masa zuwa leɓe.

Da ya faɗi lissafin, Penaia ya buga cinya. "Uba ne! Kun ji ko? Esekia, ɗauki bokitinka!"

"Dakata, ban gama ba," in ji Fasto. "Dauda ya yi mulki shekara talatin da uku a Urushalima, kuma a can aka haifi Sulemanu, ba a farkon zaman ba ma. To bai kai talatin da uku ba. Ina ya samo furfura?"

Yanzu Esekia ne ke buga cinya, amma bai haƙura ba. "To me ya sa ya ce shi ƙaramin yaro ne?"

Fasto ya ce, "Ranar da kuka karɓe ni a garin nan ina da 'ya'ya biyu. Ban zauna gabanku na ce ni yaro ne wanda bai san komai ba? Kai ma haka kake buɗe kowane jawabi, Esekia, kuma ba mu taɓa aika ka makarantar Lahadi ba."

Dariya ta ɓarke, har wani ya shaƙe da koko. Aka yanke hukunci: zane zai zauna, in dai kafin Asabar sarki ya koma saurayi mai kamar ashirin da 'yan kai. In bai koma ba, farar ƙasa.

Muka kama hanyar gida ni da Penaia. Can ya ce, "Ƙara wa mutum shekaru ba wuya, hannu mai rawa ma ya fi iya tamoji. Cirewa fa?"

Na ce, "Za mu cire su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga tamojin da ke fuskar sarkin, goma sha tara ne."

Ni na riƙe tsani, shi ya ɗaure wuyan hannunsa da tsumma. Kullum da safe Esekia ya zo ya zauna a kan bokitinsa wai yana gadi. Rana ta biyu ya fara cewa, "Kuncin hagu ya faɗa da yawa." Rana ta uku shi ke riƙe gwangwanin baƙin fenti.

Asabar aka cika zaure, kowa cikin farare. Aka janye mayafin siapo na ɓawon itace da aka rufe bangon da shi. Ga Sulemanu, baƙin gashi, ɗan gajeren gemu, ido kamar zai yi magana. Kafin Fasto ya buɗe baki, surukata Fualaau, matar Penaia, ta ƙwalla ihu daga layin mata.

"Shi ne! Wannan ɗan iskan ne ya rubuta sunana a bayan bas, babana ya kore shi da filafilin kwalekwale har cikin teku!"

Ta yi dariya har ta koma kuka, ta sake komawa dariya. Mawaƙa suka kasa fara waƙa. Esekia ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Shekarun sun yi daidai. Hancin ne ba ni da ayar da zan kama shi da ita."

Farar ƙasar ya shafa wa duwatsun bakin hanya.

Yanzu Penaia ya ajiye buroshi. Kowace Lahadi yana zama a bayan zaure, yara suna nuna bango suna nuna shi. Gashin gemun ɗari biyu da shida ne, kuma ko ɗaya bai karkace ba.