Gefen Littafin Mai Agogo

Allura ake ce masa, kuma in ka tambayi sunansa na gaskiya a layin, sai a yi ta kallon-kallo. Shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran littattafai a wani shago mai faɗin tabarma biyu: tebur, injin matsi, wuƙar datsa mai dogon hannu, da gwangwanin gam da warinsa ya kama har rigunansa na fita unguwa. Littafin da ɓera ya ci, wanda ruwa ya jiƙa, wanda yara suka yi wa kaca-kaca, duk a gabansa suke ƙarewa. Doka ɗaya gare shi: ba ya karanta littafin mutane. Juya shi yake yi kai ƙasa, ya bi lambar shafi, ya ɗinke. In an tambaye shi dalili ya ce gyara aka kawo masa, ba leƙe ba.

A bakin ƙofar shagon akwai teburin wani mai gyaran agogo, Kirista, wanda Allura ke kira Sarkin Latti, don mutumin da ke saita lokacin gari duka bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba. Kullum da rana in aiki ya lafa sukan zauna a benci ɗaya da kofin shayi, su ɗauko magana ɗaya tak, wadda suka shekara talatin suna juyawa.

"Sarkin Latti, nuna min," in ji Allura. "A littafin naka, ina Annabi Isa ya buɗe baki ya ce shi Allah ne, a bauta masa?"

"To wa ke gafarta zunubi, Malam? Ya gafarta. An durƙusa masa, bai hana ba."

"Ya ji yunwa, ya yi barci, ya yi addu'a. Wa yake roƙo?"

"Sha shayinka, zai huce. Gobe zan ba ka amsa."

"Goben Sarkin Latti? Ai na mutu!"

Haka dai. Ba wanda ya taɓa motsa wani ko da taku ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tashi da fushi. Ranar da matar Allura ta rasu, mai agogo ne ya rufe teburinsa kwana uku yana zaune a ƙofar gida. In lokacin salla ya yi, shi ke leƙowa ya ce, "Malam, agogona ya ce ka tashi."

Abin da ya ɓata su, wallahi, ba ayar kowa ba ce. 'Yan kallo ne. Wata rana wasu masu zaman kashe wando suka tsaya suna saurare, aka taru, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Duk maganar da Allura ya yi sai a ce, "Ka gama da shi, Malam!" Tsoho da furfurarsa, kai ya kumbura. Ya karɓi littafin addinin abokinsa daga hannunsa, ya ɗaga sama, ya ce hannun mutane ya yi yawa a ciki, sannan ya wurga shi kan benci. Littafin ya zame ya faɗi ƙasa, gadon bayansa ya tsage. Allura ya ji ƙarar. Wa ya fi shi sanin ƙarar zare in ya tsinke?

Mai agogo ya sunkuya ya tattara shafukan, ya kakkaɓe su a cinyarsa. "Shekara talatin kana ce min ban da gaskiya, ban ji zafi ba," ya ce. "Yau ne ka fara ce min ban da daraja." Washegari ya kwashe teburinsa ya koma can ƙarshen layi.

Tafiyar minti biyar ce. Allura ya yi shekara huɗu bai yi ta ba. Ya sha sa takalmi da niyya, sai zuciya ta ce bari gobe. Shi da ke yi wa wani dariyar gobe! Abu ɗaya ke cinsa, ko mutumin nan ya yafe masa, kuma girman kai ya hana shi zuwa ya ji. Ana nan sai labari ya zo cewa mai agogo ya kwanta kwana tara, ya cika.

Bayan wata guda matar mamacin ta shigo shagon, ta ajiye ƙunshi a tebur. Littafin ne, an ɗaure shi da robar taya, tsagar nan tana nan yadda ya bar ta. A kansa akwai ɗan gilashin ido ɗaya da masu agogo ke maƙalawa in za su duba ƙananan ƙarafa.

"Malam, ya ce kai za ka gyara, ba wani ba. Ya ce a haɗa maka da wannan."

"Uwargida, bai ce komai ba bayan haka?"

"Abin da ya ce ke nan."

Allura ya ɗauka gilashin abin tunawa ne, ya jefa a aljihu. Ya ƙudura zai yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya juya littafin kai ƙasa kamar kullum, wannan karon ma har da kawar da ido, don bai iya kallonsa. Ya warware, ya ɗinke da zare mafi ƙarfi, ya matse kwana biyu. Gefen shafukan ya yi baƙi ƙirin da zufar hannu, ya zaizaye, shi kuwa so yake ya mayar wa matar da shi fes kamar sabo. Ya sa shi a wuƙa, ya matsa ciki fiye da yadda ya saba, ya danna hannun. Gefen ya zube ƙasa siri-siri, fanka ta watsa shi ko'ina.

Da ya ɗauko tsintsiya ne ya ga wani abu kamar sawun tururuwa a jikin wani siririn yanki. Ya kai kusa da ido, bai gani ba. Hannunsa ya kai aljihu da kansa. Yana maƙala gilashin sai rubutu ya taso, na fensir, ƙanana ƙwarai, irin na mutumin da ya saba da cikin agogo: *Allura ya ce wa yake roƙo. Tambaya mai kyau. Amsa go*

Sauran kalmar tana jikin littafin.

"Innalillahi," ya ce. "Na kashe kaina."

Ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarƙashin tebur, daga cikin gam, daga bakin ƙofa inda iska ta fara ja. Fiye da dubu. Sati shida yana gwada kowane yanki da shafinsa yana liƙawa da takarda mai shara-shara, kuma a karon farko a rayuwarsa ya karanta littafin wani. Musunsu ne kaf, da kwanan wata. Wani wuri an rubuta *yau na kama shi*, wani wuri *yau ya kama ni, kada a gaya masa*. Allura ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Bayan ranar faɗan ma rubutun bai tsaya ba, sai dai ya canza: *da Allura na nan da ya ce*, *shayin nan ba daɗi*.

Na ƙarshe yana kusa da bangon baya, kwana goma sha ɗaya kafin rasuwar. Rabin da ya rage a shafin ya ce: *Malam, har gobe ba ka da gaskiya. Amma maganar ranar nan, ni na*

Yankinsa ne bai samu ba.

Ya kai wa matar littafin, gefensa duk faci, ya gaya mata abin da ya aikata bai rage komai ba. Ta shafa facin ta daɗe.

"Uwargida, don Allah, kin san abin da ya rubuta a nan?"

"Malam, ban iya ganin rubutunsa ba ko yana da rai. Da na sani da na faɗa maka. Ba zan ƙirƙira maka ba."

Allura yana nan har yanzu. Bai canza ra'ayi ba ko kaɗan, in ka zauna zai ce maka Sarkin Latti ya yi kuskure babba, sai dai ba ya ƙarasawa, don ba wanda zai ce masa ya sha shayinsa. Maƙwabta na ƙorafin shagon ya yi datti. Tun ranar bai ƙara sa tsintsiya ba, kuma duk ɗan guntun takardar da ya gani a ƙasa, sai ya sunkuya ya ɗauka, ya laluba aljihu.