Malam Kolo da Littafin Munzali

Malam Kolo ɗan masunta ne. An haife shi a wani ƙauye na bakin kogi, gabas da Haɗeja, kuma da ƙuruciyarsa ba wanda ya fi shi iya jefa birgi, ragar kamun kifi. Ya kusa shekara talatin sa'ad da gyambo ya kwantar da shi a wani asibiti a Kano. A can wani ma'aikacin jinya ya koya masa karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Da ƙafa ta warke ya dawo gida, ya tara yayyensa ya ce shi yanzu Almasihu yake bi.

Ba su taɓa lafiyarsa ba. Sun dai karɓe fadamar shinkafar da ubansu ya bar masa, suka ce ya fita daga gidan. Dangin matarsa Mairam suka zo tafiya da ita, ta ce ba inda za ta. Suka kafa bukka a bayan gari. Kifinsa ya daina shiga kasuwa, sai maƙwabcinsa Gwadabe, Musulmi, yake karɓa ya sayar masa kamar nasa. An huda masa kwalekwale, an yayyanka masa birgi. 'Yar majami'ar zana da ya kafa domin gidajen Kiristocin da ke yankin, sau biyu ana cinna mata wuta.

Duk wannan bai taɓa hana shi cin tuwo ba. Yana wa'azi ranar Lahadi, sauran ranaku yana su a kogi. Idan ruwa ya janye sai ya zauna gindin tsamiya yana rubutu. Ya rubuta ƙananan littattafai a kan haƙuri da addu'a, da Hausar masunta, aka buga masa su a Kano. Kaɗan aka saya. Sauran suna cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Abin da ya hana shi cin tuwo Munzali ne.

Munzali direban adaidaita ne a Haɗeja. Ya ci karo da ɗaya daga cikin littattafan, ya nemi mai shi har ƙauye, daga baya ya karɓi bangaskiya. Da aka kore shi daga gida, wurin Malam Kolo ya zauna, Mairam tana dafa masa kamar ɗan cikinta. Wata rana wasu samari suka tare shi a tasha suka yi masa dukan tsiya, wani ya ɗauka da waya. Hoton ya bazu. Wata ƙungiyar Kiristoci ta zo ta tafi da shi Jos, ta yi masa magani, ta sa shi makarantar fastoci. Bayan 'yan shekaru ya fitar da littafin rayuwarsa, mai kauri, da hotonsa a bango, da Hausa da Turanci.

Ya aiko wa Malam Kolo da kwafi ɗaya. Malam ya juya shi, ya shafa takardar, ya ajiye. Washegari ya ɗauka ya soma karantawa da jan biro a hannu.

"Dubi nan," ya ce wa Mairam. "Wannan Hausa ce? Yaron nan ko jimla bai iya ɗaurawa ba."

"An ce mutane na kuka in sun karanta."

"Duka ɗaya! Duka ɗaya aka yi masa, Mairam. Ni da aka ƙone min majami'a, wa ya ɗauki hoto?"

Ya sami inda aka ambace shi a littafin, wuri guda: wani dattijo mai kirki da ya ba ni masauki. Ya daɗe yana kallon layin.

Da rani Munzali ya zo a mota da baƙi daga kudu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, "Baba, na same ku lafiya?" Ya kawo shadda da buhun masara. Baƙin suka gaisa da Malam sama-sama, sannan suka nemi a kai su kangon majami'ar. Suka tsayar da Munzali a gaban ƙonannun itatuwan da Malam ya sara da hannunsa, suna ta ɗaukarsa hoto. Ɗaya daga cikinsu ta miƙa wa Malam jakarta ya riƙe mata.

"Baba ne ya gina wurin nan," in ji Munzali. Ba wanda ya juyo.

Bayan sun tafi Malam ya ce ba za a dafa masarar nan a gidansa ba. Mairam ta ajiye muciya.

"Malam, yau zan faɗa maka. Hassada kake yi wa yaron nan."

"Ni? Ni da na yafe wa waɗanda suka ƙwace min gona?"

"Su kam ka yafe musu, don ba su fi ka ba. Wannan ka ga ya wuce ka."

Ya fita. Ya tura kwalekwale cikin ruwa, ya wuni tsakanin ciyawar kacalla bai jefa birgi ko sau ɗaya ba. Da ya dawo, ya ci tuwon masarar, bai ce ya yi daɗi ba.

Abin bai bar shi ba. Duk Lahadi yakan sa sunan Munzali cikin addu'a a gaban jama'a, kuma kowa na jin yadda muryarsa ke yin nauyi idan ya zo wurin. Idan an yabi Munzali a rediyo sai ya tuna yana da aiki a bakin kogi. Ya taɓa gaya wa Gwadabe cewa wuta ta fi wannan sauƙi, don ita ana ganinta a kashe. Gwadabe ya yi dariya ya ce su ma malamansu haka suke da junansu.

Shekarar babbar ambaliya ruwa ya shiga ɗakinsu, kwalin littattafan ya zama kunu. Munzali ya ji, ya bugo waya ya ce zai sa a sake buga su duka a Jos, shi zai rubuta gabatarwa don mutane su saya. Malam ya ce a'a, ya kashe wayar. Mairam ta ci gaba da shanya tabarmi. Da aka kwana biyu shi da kansa ya kira, ya ce ya yarda, amma kada a taɓa masa ko wasali ɗaya.

An buga su. A bango, sunan Fasto Munzali ya fi na Malam Kolo girma. Sun shiga hannun mutanen da bai taɓa gani ba, har wata mata daga Gombe ta kira shi tana godiya, ta ce littafinsa ne ya riƙe ta sa'ad da mijinta ya rasu. Ya yi mata addu'a mai tsawo. Da za su yi sallama ta ce ya gaishe mata da Fasto.

"Zai ji," in ji Malam Kolo.

Har yanzu yana ƙauyen. Idonsa ya yi rauni, ya bar kamun kifi, amma yana wa'azi, kuma ya soma wani sabon littafi da bai yarda ya gaya wa kowa a kan me yake ba.