Zanen da Ya Jira Damina

Ghisulal maƙwabcina ne a garin Bundi, mai zanen karin waƙoƙi kamar ubansa. Kowane kari da surarsa: na asuba mace ce tana bauta gaban gunkin Shiva, na hantsi wata ce bareyi sun kewaye ta. Jerin talatin da shida ne, kuma ba shi da wani buri a duniya illa ya kammala jeri guda da hannunsa.

Amma mutumin nan akwai taurin kai. Ba ya zana kari sai a lokacinsa. Na asuba da asuba, na bazara da bazara. Cikin shekara tara ya gama talatin da biyar. Saura Megh, karin damina: abin bauta Krishna na rawa, tsuntsayen ɗawisu sun baje jela, hadari ya haɗu. Ubansa ya koya masa cewa da ruwan sama na farko ake dama shunin hadarin, mai zane kuma yana kallon hadarin da idonsa.

Sai fari ya faɗo. Shekara biyu ko yayyafin kirki babu. A lokacin ne idonsa ya fara dusashewa, likita ya ce jijiya ce, ba ta da gyara.

Matarsa Kesar ta yi ta fama. “Baban Mohini, ga ruwan tulu nan. Wa zai ɗanɗana takarda ya gane?”

“Ni zan gane.”

Ni ma, da yake mai shayi ne ni, na kai masa shayi na ce, “Yaya, hadari nawa ka gani a rayuwarka? Zana na bara waccan mana.”

Ya ce, “Kai ka taɓa sayar da shayin jiya?”

Wallahi haushinsa na ji, har yau ina ji.

A shekara ta uku ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kesar ta tari kwano guda, ta dama shuni, ta shimfiɗa takarda, ta sa masa buroshin gashin kurege a hannu. Ya zauna bakin ƙofa, fuska sama, ruwa na fantsar masa. Ya daɗe a haka.

Can ya ce, “Kesar, ina jin ƙamshinsa. Baƙi ne sosai?”

Ta ce baƙi ne.

Ya miƙa mata buroshin, ta wanke ta ajiye. Takardar na nan cikin akwati ƙarƙashin talatin da biyar ɗin, fara fat.