Ragon da Ya Shaidi Malam

Bana shekara goma sha ɗaya da rasuwar maigidana, Malam, kuma har yau in na ji kukan rago sai hawaye su zubo mini. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, ɗiyata Hadiza ke rubutawa.

Muna da sauran ƙuruciya lokacin da masu wasan kwaikwayon jandarmomi na tele suka zo garinmu Dantchiao ɗaukar labarin satar rago. Duk garin aka rasa wanda zai fito a ɓarawo. Malam ya ce, "Ai wasa ne, ni zan yi." Na ce, "Malam, mutanenmu ba sa raba tele da gaskiya." Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ɗauko mini tsohuwar rigata."

Abin da masu kallo ba su sani ba, ragon namu ne, Malam ya yi kiwonsa tun yana ɗan mitsitsi. Mai shirin yana so a ga ragon yana turjewa, yadda dabba ke yi a hannun baƙo. Aka yi ta maimaitawa cikin rana, rago sai bin Malam yake yana shinshinar aljihun da ya saba samun gyaɗa. Da suka gaji suka bar shi haka.

Bayan an nuna wasan, Malam ya daɗe in ya kai dabba kasuwar Magariya sai dillalai su tambaye shi shaidar cewa tasa ce. Bai taɓa musu da kowa ba. Yakan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ni na san ranar kasuwa ba ya iya cin tuwo.

Yanzu wasan ya dawo yawo a wayoyi, ana kiran jikokinsa jikokin ɓarawon rago. Da yana nan, na san shiru zai yi. Ni na tsufa, ba zan iya ba.

Malam bai bar dukiya ba, sunansa kawai ya bar mana. Duk mai wasan nan a wayarsa, ina roƙonsa ya sake kallo, ya dubi igiyar da ke wuyan ragon. A sake take, tana jan ƙasa. Wanda ya taɓa kiwo ya san dabba ba ta bin ɓarawo haka.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ragonka ya riga ni ba da shaida.