Ƙusoshin da Baba Ya Cire

Mu maƙera ne, kuma a gidanmu na Matameye ba a sayen ƙusa. Ban taɓa jin wani ya faɗi wannan da baki ba, haka na taso na tarar. Ƙyauren zaurenmu kakana ne ya haɗa shi, kuma ƙusoshinsa na nan daram har na yi aure. Hanyar aikin ɗaya ce: a huda itace, a buga ƙusa ta ɓullo ta baya, a lanƙwasa bakinta ya koma ciki. Da ita muke haɗa ƙyaure da akwati da sirdi. A ƙasarmu ta yashi, ƙarfe yakan daɗe bai san tsatsa ba.

Wata damina a shekarun hamsin, kafin mulkin kai, ruwa ya yi yawa har fadamar da ke tsakaninmu da ƙauyukan wajen Dungu ta cika ta haɗe. Jaki ya daina ratsawa. Akwai wani Alhaji, ɗan kasuwar Damagaram, mai sayen gyaɗa da rake a wajenmu. Shi ne ya kawo ɗan jirgin ruwa a bayan kamiyo, babbar motarsa ta kaya. Ya ce a gwanjon kayan wani Bature mai komawa gida ya same shi. Jikinsa na sanholo ne, farin ƙarfen nan marar nauyi da ake tukwane da shi, kuma kaurinsa bai fi na murfin tukunya ba. Ya zo da dogon sanda da yagaggen zanen da iska ke turawa, amma babu wurin zama ko ɗaya. An kwance bencinan tun can.

Alhaji ya ɗauko wani Babarbare daga wajen tafkin Chadi don ya riƙa tuƙa jirgin da gora. Zanen iskar kuma aka mai da shi rumfa a bakin ruwa. Aikin benci da zoben ɗaure igiya aka ba Baba.

Ni da shi muka yi aikin. Muka sassaƙa katakon maɗaci, muka jingina ƴan guntayen itace a bangon jirgin ta ciki don benci ya hau kansu, muka huda sanholon, muka bugo ƙusoshinmu daga waje muka lanƙwasa su a ciki. Babarbaren yana tsugune yana kallo.

"Sarkin maƙera," in ji shi, "ƙofa kake haɗawa ko jirgi? Mu a tafki ɗinke jirgi muke yi da igiya."

"Shi ya sa kuka zo ci-rani wurin masu ƙusa," Baba ya amsa, bai ɗago kai ba.

"Ci-rani da damina? Kai dai ka ce ruwa ya zo garinku kun rasa yadda ake gaishe shi."

Aka yi dariya, aka tura jirgi. Bencinan sun zauna kamar an haife shi da su. Mata masu kai kaya kasuwa suka fara tsallakawa, Baba kuma ya koma maƙera.

A lokacin matata tana da cikin fari, kuma iyayenta suna hayin wancan ruwa. Al'ada ce idan ciki na fari ya tsufa, mace ta koma gidansu goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta. Inna da iyayen matata sun riga sun yi magana ta bakin mata masu zuwa kasuwa, sun tsai da cewa Gwaggo, ƙanwar Baba, za ta raka ta bayan kasuwa mai zuwa. Ni ba a faɗa mini ba. Na ji ne ta bayan danga, kamar yadda ake jin irin wannan magana. Hanyar tudu ta yi nisa ga mace mai nauyi. Jirgin ne kawai.

Na fara bi ta bakin ruwa da hantsi, in ce zan duba zoben igiya. A nan na lura bencin tsakiya yana motsi. Ba sosai ba, sai ka kama shi da hannu biyu. Da na leƙa ta waje na ga wani farin gari kamar toka ya kewaye kan kowace ƙusa, jar tsatsa kuma tana gangarowa ƙarƙashinta. Hujin da muka yi daidai kaurin ƙusa ya buɗe. Duk wanda ya zauna, kan ƙusar sai ya ƙara cin bangon. Ƙusar ba ta karye ba, ba ta miƙe ba. Jirgin ne yake sakinta. Na san idan mutum mai nauyi ya zauna a tsakiyar ruwa benci ya zube gefe guda, zai faɗa kan bango, kuma jirgi marar nauyi irin wannan zai bi shi.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce ai sai in faɗa wa Baba. Abubuwa biyu suka tsare bakina. Ɗa ba ya ce wa mahaifinsa aikinka ya saki. Kuma saurayi ba ya ambaton matarsa a gaban mahaifinsa, balle cikinta na fari. Shi ma Baba bai taɓa nuna ya san da cikin ba, ko da yake kullum sai ta durƙusa ta ajiye masa ruwan alwala.

Na gwada iyakar abin da kunya ta yarda. Ina zuga masa wuta na ce, "Baba, kamar bencin tsakiya yana ɗan motsi."

"Itacen ne bai gama shan ruwa ba," ya ce. "Zai kumbura ya kama."

A ƙyaure gaskiyarsa ne. Na ci gaba da zuga.

Da yamma matata ta tambaye ni, tana tankaɗe, idonta a kan rariya. "Maigida, wai jirgin nan yana rawa? Ni ko rijiya ba na son leƙawa."

"Ana dubawa," na ce. Iyakar gaskiyar da nake da ita ke nan.

Ranar kasuwa Alhaji ya aiko a ƙara masa zobe a bayan jirgin, muka tafi ni da Baba. Muna isa Babarbaren ya ɗaga murya, yana tauna goro.

"Sarkin maƙera, ka yi wa ɗan nan naka magana. Kullum sai ya zo ya girgiza mini bencin tsakiya, kamar mai zaɓen gadon amarya. Ko akwai wani kaya mai nauyi da yake shirin tsallakarwa ne? Kaya biyu a ɗauri ɗaya?"

Matan da ke jiran jirgi suka rufe baki da gyale. Na sunkuyar da kai. Baƙo ne, wasa yake yi, bai san abin da ya taka ba, ko kuma ya sani sarai. Har yau ban yanke ba.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Ya naɗe wandonsa ya shiga ruwa har gwiwa, ya zagaya jirgin yana shafa bangonsa. Ya tsaya daidai bencin tsakiya, ya lakato farin garin ya murza tsakanin yatsu. Sannan ya ɗora babban yatsansa a kan ƙusar ya danna. Kan ƙusar ya shige cikin hujin gaba ɗaya.

Ya janye yatsansa. Daga baya ya ce da Babarbaren, "Yau kowa ya zauna a ƙasan jirgi. Kada a hau benci."

Washegari da safe ya sa babbar riga, abin da ba ya yi sai Juma'a, ya ce in biyo shi. Muka je garejin da ake gyaran kamiyon Alhaji. Da mai garejin ya ga Baba, sai ya miƙe.

"Lafiya, Baba? Yau maƙeri ne a wurin ƴan baƙin mai?"

"Ƙusa nake nema."

"Ƙusa? Kai? To gobe mahauci zai zo ya ce in sayar masa da nama."

Baba ya bar shi ya gama dariya. Aka juye masa gwangwanin tarkace a kan buhu, ya tsuguna yana zaɓe. Masu tsini da ake murɗawa su ci itace ya ture su gefe. "Ƙarfen jirgin nan ba shi da nama," ya ce, "ba abin da za su ciza." Ya koma kan masu ratsawa gaba ɗaya a ɗaure su ta baya, waɗanda mutanen gareji ke kira bulon, direbobin Kano kuma noti. A cikinsu ma ya ware baƙaƙe ya ajiye. Ya tambayi waɗanne ne suka kwana a jikin mota damina bayan damina ba su yi ja ba. Aka nuna masa masu farin shafi irin na kwanon rufi. Su ya ɗauka, yana gwada kowanne da abin ɗaurinsa, yana mayar da wanda zarensa ya cinye.

Sauran aikin nasa ne. Ya karɓi tsohon murfin tukunyar sanholo a wurin Inna, ya yanka shi faifai-faifai masu faɗi, don kan bulon ya danne faifai, faifai ya danne bango, kuma fari ya kwanta a kan fari. Ya yanka fata ya jiƙa ta da man kaɗanya ya sa a tsakani, don ruwa kada ya samu hanya. Muka jawo jirgin tudu. Da kansa ya miƙe ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya ya zare su, ya zuba a aljihu. Ni ina riƙe ta waje, shi yana ɗaurewa ta ciki, yana tsayawa da zarar fatar ta fara fitar da mai.

Da muka gama ya sa aka ɗora buhun gero a bencin tsakiya, shi ma ya hau ya zauna kusa da shi. Baba bai iya iyo ba, kuma bai taɓa shiga jirgi ba. Babarbaren ya kai shi hayi ya dawo da shi, wannan karon ba wasa ko ɗaya. Da ya sauka ya sake shafa kawunan bulon ɗin, ya wuce gida.

Ranar tafiya ban fito rakiya ba, ba a yin haka. Ina maƙera na ji muryar Gwaggo tana sallama da mutanen gida. Can Baba ya dubi tulin gawayin da ke kusurwa, wanda zai kai mu mako, ya ce, "Gawayi ya yi ƙasa. Je wajen masu ƙona shi a bakin fadama."

Na tsaya bayan wata gonar rake inda ba za a gan ni ba. Gwaggo ta riƙe hannun matata har ta shiga jirgin. Ta zauna a bencin tsakiya, ta kama gefensa da hannu biyu, ta rufe ido. A tsakiyar ruwa iska ta taso jirgin ya karkata, nauyinta duka ya koma gefe guda. Bencin bai motsa ba. Na tsaya har na ga ta taka ƙasa a hayi, wasu mata sun taryo ta.

Na dawo da gawayin a ka. Baba ya ce, "Yaya bencin?"

"Yana nan, Baba."

"To. Zo ka zuga."

Tsofaffin ƙusoshin ne a cikin wuta, ya ɗaure su wuri ɗaya da waya. Ya narka bakinsu suka haɗe, ya buge su suka zama ƴar wuƙa, irin wadda ake ajiyewa a kan shimfiɗar jariri. Bai ce ta wa ce ba. Ya naɗe ta a tsumma ya ba Inna, ita kuma ta ajiye har ranar da saƙo ya tsallako daga hayi.