Karen da na kai horo Aujara

Shekarun baya, lokacin da aka mayar da mu aiki Dutse tana sabuwar hedikwatar jiha, gida ya yi wuyar samu, har sai da na kama haya can gindin duwatsu. Ko katanga babu, sai dangar kara. Matata ta zo da kajin da mahaifiyarta ta ba ta, tana ji da su kamar 'ya'yan cikinta. Ba a jima ba karnukan unguwa, waɗanda ba su da mai su, suka gano akurkin. Yau a ɗauke wannan, jibi a ɗauke waccan.

Sai na ce ai ni mai dabara ne, na karɓo ɗan kwikwiyo wajen abokina don ya yi gadi. Matata ba ta so ba ko kaɗan. Ta ce ita ba za ta ƙare rayuwarta a wanke kwanuka da ƙasa saboda najasa ba. Na lallashe ta, na yi alkawarin ba zai wuce bakin akurki ba, kuma daga ranar da ya girma ba za ta sake rasa ko gashin kaza ba.

Ya girma kuwa, ya yi jiki da ƙanzo da madara, amma ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Da ya jiyo haushin wani kare sai ya shige ƙarƙashin babur ɗina yana fitsari. Kaza mai 'ya'ya ma ta taɓa korar shi har bayan gida. Abin ya ishe ni. Abokina ya ce laifina ne da na rene shi shi kaɗai, bai san 'yan uwansa ba, in kai shi inda zai saba da su.

Ina da kawu mafarauci a wani ƙauye kusa da Aujara, mai karnuka da yawa. Direban bas ya rantse ba zai ɗauki kare ba, dole na ɗaure shi a kwando bayan babur. Kafin mu isa ya yi mini amai a riga.

Kawu ya dube shi ya yi dariya. Ya ce su yadda suke yi, sai a haɗa baƙon kare igiya ɗaya da tsohuwar karya, su ci a kasko ɗaya, su kwana wuri ɗaya. Ita za ta hana sauran taɓa shi har su karɓe shi.

Na ce, "Kawu, ni dai so nake ya daina tsoron karnuka."

Ya ce, "In dai wannan ne, ɗana, an gama."

Bayan kaka na je na ɗauko shi. Ya rame, ya yi ƙarfi, yana tafiya kai a sama. Na shigo da shi gida ina taƙama, har ina ce wa matata ta kwantar da hankalinta.

Ranar Juma'a na tafi masallaci, ita kuma ta leƙa barka a maƙwabta. Ina dawowa na hangi gashin kaji yana tashi ta saman danga. Na shiga da gudu. Karnukan unguwa sun cika tsakar gida, kowa da kaza a baki, gogan nawa kuma yana tsakiyarsu yana kaɗa jela, yana lasar kunnen wani jan kare. Ko haushi ɗaya bai yi ba. Ramin da suka shigo ta nan ma, daga cikin gida aka tona shi. Takaici ya hana ni ko ɗaukar sanda.

Kaza ɗaya ce ta tsira, ita ma don ta hau rufin ɗaki. Matata ta tsaya ta daɗe tana kallon akurkin. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Washegari na mayar da shi Aujara, ya sake yi mini amai a hanya.

Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, don ban san wanda zan ɗora wa laifi ba. Kawu abin da na roƙa ya yi mini. Karen ma abin da aka koya masa ya yi: ka ci da 'yan uwanka a kasko ɗaya. Ya zama gwanin farauta a can, kawu yana ta yaba mini da iya reno.

Matata kuwa ba ta manta ba. Duk ranar da na kwaso abokai cin abinci ban sanar da ita ba, sai ta ajiye tire a gabana, ta ce a hankali, "Kai ma a Aujara aka yi maka horo?"